Yadda Ake Riƙe Kayan da Aka Juya a Inji Lokacin Gugar Samfefa Ba Tare da Ciwon Baya Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon masu juya katako da yamma ya san wannan zaman. Yaro a kan benci, ya matse akushi tsakanin gwiwoyinsa, hannun hagu ya danne leɓen akushin, hannun dama riƙe da diril mai faifan samfefa, ya sunkuya har hancinsa na neman shiga ciki. Ƙura na tashi tana komawa fuskarsa. Bayan minti ashirin ya miƙe yana dafe da ƙugu kamar wanda ya wuni yana huɗa. Ni ma haka na fara, haka kuma na daɗe ina yi, har ranar da faifan ya cafki leɓen wani akushin maɗaci da na kwana biyu a kansa, ya fizge shi daga cinyata ya maka da ƙasa. Akushi ya tsage gida biyu, samfefa kuma ta kwashe mini fatar babban yatsa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, diril ma hannu biyu yake so. Saboda haka dole wani abu daban ya riƙe katakon, a tsayin da ya dace da jikinka, yana kallonka yadda za ka ga inda kake gugawa ba tare da ka lanƙwashe ba. Hanyoyin yin haka sun bambanta gwargwadon abin da ka juya, akushi ne, ko ƙafar tebur, ko ɗan marfi. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma akwai abin da ya riga su duka.

Kar ka yi saurin yanke dunduniya

Idan ana juya akushi ko faranti, ana barin ɗan tudu a gindinsa wanda haƙoran cok za su kama. Cok shi ne bakin ƙarfen nan mai haƙora huɗu da ake murɗawa a kan sandar inji. Ɗan tudun kuwa ni dunduniya nake ce masa. Wasu sun fi son haƙa gurbi a gindin, haƙoran su buɗe daga ciki su riƙe. Ko wanne ka zaɓa, shi ne maƙalarka, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yanke shi da zarar siffar akushi ta fito, don ɗokin ganin abu ya kammala. Daga nan ba shi da wurin kamawa sai cinya. Ka bar dunduniya har sai ka gama goge ciki gaba ɗaya da bayan akushi, ya rage ita kaɗai.

Kafin ka kwance akushi daga cok, ɗauki fensir ka yi alama a kan dunduniyar daidai tsakiyar haƙori mai lamba 1. Yawancin cok suna da lamba a jikin haƙoran. Idan naka babu, ɗiga fenti a kan ɗaya. Duk lokacin da za ka mayar, ka daidaita alamar da wannan haƙorin, akushi zai zauna kusan inda ya tashi. Haka nan ɗan ramin da tsinin mara wa inji baya (ɓangaren inji da ke tokare katako daga ɗaya ƙarshen) ya bari a tsakiyar dunduniya, kar ka goge shi, za ka neme shi a ƙarshe.

Auna jikinka kafin ka auna tebur

Tsaya a miƙe da takalmin da kake aiki da shi, saki kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu, sannan wani ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar. Ga mutum matsakaici za ka samu tsakanin santimita 100 da 110. Sandar injin juyawa a wannan tsayi ya kamata ta kasance. Wurin guga kuwa ya fi daɗi idan ya yi ƙasa da haka da kamar santimita 10, domin tsawon diril da faifansa suna ƙara tazara, kuma kana so nauyin hannunka ya sauka a kan aikin ba tare da ka ɗaga kafaɗa ba. Idan inji ya fi ƙarfinka tsayi, haɗa ɗan dandamali na falanki mai faɗi ka riƙa hawa. Idan ya yi maka ƙasa, sa masa katako mai kauri a ƙafafu ka ɗaure da noti. Yaran shago ba tsayinsu ɗaya da na maigida ba, don haka dandamalin ya zama abin da ake ja a ajiye.

Alamar cewa tsayi bai yi ba tana bayyana da wuri: wuya ya riƙe ta gefe ɗaya, ko ka ji zafi tsakanin kafaɗu kafin ka gama akushi guda.

Guga a kan injin kansa

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar aikin a inda yake. Da farko kashe inji. Cire majinginin wuƙa, wato ƙarfen da ake ɗora wuƙar yanka a kai, gaba ɗaya, kar ka ce ture shi gefe ya isa, domin tsakaninsa da katako mai juyawa ne yatsa ke maƙalewa. Ja mara wa inji baya zuwa ƙarshen gadon inji, ka cire tsininsa, don gwiwar hannunka takan same shi. Naɗe hannun riga ko ka sa mai gajeren hannu, cire zobe da agogo, carbi ya koma aljihu. Safar hannu ba ta da wuri kusa da abin da ke juyawa, tsumma ma kar a naɗe shi a yatsa.

Sai ka rage gudu. Yankan katako na son sauri, guga ba ta so. Juyi 250 zuwa 500 a minti ya wadatar ga akushi mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Idan gudu ya yi yawa samfefa sai ta riƙa shawagi a kan ƙurarta, ta yi zafi, zafin kuma ya haifar da ƙananan tsagu a inda jijiyar katako ta ƙare, irin waɗanda ba ka gani sai ka shafa mai. Matsalar ita ce injinan da masu walda ke haɗa mana a gida galibi gudu ɗaya ne da su. Lissafin gyara wannan ba shi da wuya. Motar lantarki da aka fi samu tana juyi kusan 1,400 a minti. Idan fulin da ke kanta, wato gargaren da bel ke hawa, santimita 5 ne, na kan sandar inji kuma santimita 20, za ka samu juyi 350. Idan motarka mai 2,800 ce, abin zai ninka, sai ka ƙara girman fulin sanda. Ƙarin fuli guda don guga kawai kuɗi ne da ba za ka yi nadamarsa ba.

Ka ɗauki bakin akushi kamar fuskar agogo. Idan kana kallon cikinsa, inji na juya shi ne saɓanin hannun agogo, wato ɓangaren da ke kusa da kai, wajen ƙarfe 9, ƙasa yake yi. A nan ake guga, tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 9, daga tsakiya zuwa leɓe. Idan ka kai faifai ɗaya ɓangaren, katako zai ɗaga diril ya watso maka shi. Manne gwiwar hannunka da haƙarƙarinka, gindin diril ya jingina da ƙugunka ko cikinka, ka riƙa motsawa da ƙafafu maimakon wuyan hannu. Idan ana iya karkato da kan injinka gefe ko yana zamewa zuwa ƙarshen gado, yi amfani da wannan, ka tsaya gaba da gaba da akushin. Idan ba ya yi, akushi mai zurfi zai sa ka kwanta a kan gadon inji kana leƙe, kuma nan ne wannan hanya ta gaza.

Akwai kuma wurare biyu a kowane akushi, suna kallon juna, inda wuƙa ke tsinke jijiya ta bar kaushi. Juyin inji ba ya fitar da su, tsallake su yake yi. Kashe inji, kulle sandar idan tana da makulli, ka goge su a tsaye. Idan babu makulli, soka ɗan katako tsakanin fuli da jikin inji, amma ka cire filogi daga bango tukuna, don kar a kawo wuta ko wani ya taɓa makunni.

Sandar riƙo mai karkata ko'ina

Wannan ita ce ta raba ni da ciwon baya, shi ya sa zan daɗe a kanta. Dabarar ita ce ka kwance cok ɗin daga inji da akushin a bakinsa, ka murɗa shi a kan wata sanda da ke tsaye a kan benci, wadda za ka iya karkatar da kanta duk inda kake so ka kulle. A ƙasashen waje ana sayar da ita a shirye don masu sassaƙa ado a jikin akushi. A nan mai walda zai haɗa maka a wuni ɗaya, kayan kuwa ba za su gagara ba a wurare irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Mataki na farko, san zaren sandar injinka. Waɗanda aka fi samu su ne M33 mai tazarar milimita 3.5, da inci 1 mai zare 8 a kowane inci, da inci ɗaya da kwata shi ma mai zare 8. Biyun farko zaren kusoshin kasuwa ne, za ka iya samun kusar da ta dace kai tsaye. Na ukun yana da tarko: kusar inci ɗaya da kwata da aka saba sayarwa zare 7 gare ta a inci, za ta shiga zagaye ɗaya ko biyu ta cije, idan ka tilasta ka lalata cok. Wannan sai dai masu injin yanka ƙarfe su fidda maka zaren. Hanyar da ba ta kuskure ita ce ka ɗauki cok ɗin da kansa zuwa kasuwa ka gwada da hannu. Kusar ta shiga har ƙarshe ba tare da sifana ba.

Na biyu, nemi ƙwallon ƙarfe. Ƙwallon jan tirela da ake ɗaurawa a bayan mota ya fi komai dacewa, kaurinsa milimita 50. A yanke kan kusar nan, a bar zare kamar santimita 3 zuwa 4 ban da kaurin noti, a walda ta a wutsiyar ƙwallon su miƙe sak. A murɗa noti guda a kan zaren har ƙasa a ɗiga masa walda, shi ne kafaɗar da bayan cok zai zauna a kai. Kar a yi walda alhali cok na ɗaure, tartsatsi zai ɓata zarensa.

Na uku, muƙamuƙin da zai riƙe ƙwallon. Faranti biyu na ƙarfe masu kaurin milimita 10, faɗi santimita 7, tsawo kamar santimita 15. Kusa da ƙarshen kowanne a huda rami mai faɗin milimita 30 zuwa 35, a goge bakinsa ya yi laushi. Ƙwallon zai zauna tsakanin ramukan biyu. A tsakiyar farantan a huda wani rami a zura kusa mai milimita 12, a walda wa notinta ɗan rodi ya zama hannu. A ƙasan farantan a sa ɗan ƙarfe mai kaurin da ya yi daidai da tazarar da ke tsakaninsu, don idan an ɗaure matsin ya tafi kan ƙwallon. Faranti ɗaya a walda shi a jikin bututun da zai zama ƙafa, ɗayan a bar shi a sake. Murɗa hannu kwata guda, ƙwallo ya saki; mayar, ya kulle.

Na huɗu, ƙafa. Idan kana so tsayi ya riƙa canzawa, sa bututu biyu, ƙarami a cikin babba, da kusa a gefe mai matse su. Gindin kuwa farantin ƙarfe ne da za a ɗaure a kusurwar benci da kusoshi huɗu. A kusurwa nake cewa don ka iya zagayawa ta ɓangare biyu. Wasu sukan soka ƙafar a ramin majinginin wuƙa na injin, hakan ma na yi, sai dai ya hana wani amfani da inji a lokacin. Idan ba ka da benci mai nauyi, zuba kankare a cikin tsohuwar tayar mota ka dasa bututun a tsakiya. Ba ta motsi, kuma kana iya mirgina ta zuwa ƙofa inda iska take.

Yadda ake aiki da ita: murɗa cok har ya zauna a kan kafaɗa. Idan cok ɗinka na da 'yar kusar gefe mai kulle shi, ɗaure ta, domin faifan samfefa na iya tura akushi ta hanyar da zare ke kwancewa, ka ga abu ya fara warwarewa a hankali. Tallafi akushin da hannu ɗaya kafin ka saki ƙwallo, cok kaɗai ya kai kilo biyu, zai faɗi gefe da ƙarfi. Karkatar da shi har wurin da za ka goge ya kalli ƙirjinka, kulle, goge wannan yanki, saki, juya kaɗan, kulle. Kai kana tsaye a wuri ɗaya, akushi ne ke zagayawa.

Inda sandar nan ta fi nuna amfaninta shi ne a kan katakon da aka juya yana ɗanye. Katako idan zai bushe ba ya raguwa ta tsawon jijiya sai kaɗan ƙwarai, ta faɗi yake tsukewa. Akushin da ya sauka daga inji a zagaye, bayan makonni, musamman da hunturu, sai ya koma kamar ƙwai, faɗin santimita 30 ya iya rasa santimita guda ko fiye ta gefe ɗaya. Idan ka kunna inji da irin wannan, zai riƙa dukan faifai sau biyu a kowane juyi, ya goge tudu ya bar kwari, hannunka kuma ya sha girgiza. Haka akushin da aka bar wa ɓawon itace a leɓe. Waɗannan a tsaye ake goge su. Dunduniyar ma takan karkace, don haka ka mayar da ita inji ka ɗan daidaita ta kafin cok ya kama da kyau.

Wanda injinsa ba shi da zare, faifan ƙarfe kawai aka walda a kan sanda, zai iya walda irin wannan faifan a kan ƙwallon, da ramukan kusa a wuri iri ɗaya, ya riƙa ɗaure aikin ta katakon da ya manna a gindi.

Gammo, taya da buhun yashi

Idan dunduniya ta riga ta tafi, ko akushin na masassaƙi ne da aka fafe da gizago, sai a koma ga dabarar da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Ƙwarya ba ta zama a ƙasa sai da gammo. Naɗa gammo mai kauri da tsumma, ka naɗe shi da robar tiyub da aka yanka siriri, ka kafa shi a kan falanki da ƙusa ta ƙasa, falankin kuma a ɗaure shi a benci. Roba na riƙe katako, tsumma na shanye girgiza. Faɗin ramin gammon ya zama kamar rabin faɗin akushi, don ya nutse ya zauna, ka kuma iya karkatar da shi. Baƙar roba takan bar tabo a farin katako irin melaina. Idan haka ne, lulluɓe ta da tsohon yadi mai kaushi ko fatar da ba a rina ba.

Ga manyan kaya kamar turmin ƙirya ko babban akushi, tsohuwar tayar babur ko ta Keke Napep a kwance ita ce gammon. Buhun yashi kuwa ya fi dacewa da abin da ba shi da siffa ɗaya. Cika ƙafar tsohon wando mai kauri da busasshen yashi, kashi biyu cikin uku kawai, ɗaure bakin biyu, ka danna aikin a ciki ya yi wa kansa gurbi. Sa leda a ciki kafin yashin, don ƙwayar yashi guda idan ta fito ta hau kan katako za ta ja layin da samfefa mai laushi ba za ta fitar ba.

Gammo ba ya kulle abu, hana shi zamewa kawai yake yi. Saboda haka ka danna faifai ƙasa zuwa cikin gammon, kar ka tura gefe, kuma idan ka zo leɓe ka tabbata gefen faifan da ke taɓa katako fita yake yi daga leɓen, ba hawa kansa ba. Wannan ne kuskuren da ya ci akushina na maɗaci. Idan kana son ƙarin tsaro, ɗaura igiyar roba ta ratsa rabin akushin da ba ka gogewa, ka maƙala ta a ƙusoshi biyu a jikin falanki.

Gindin akushi

Ciki ya gama, baya ya gama, saura dunduniya. Ɗaura guntun katako a cok ka juya shi ya yi kan tulluwa mai laushi. Ɗora masa soso siriri ko guntun silifas, kifa akushin a kai, ka kawo tsinin baya ya shiga ɗan ramin nan da na ce kar ka goge. Matsa daidai, ba da ƙarfi ba. Yanke dunduniya a hankali har ya rage ɗan tsiro kamar kaurin fensir, ka goge kewayensa a nan inji na juyawa a hankali. Sauke, kifa akushi a kan gammo, cire tsiron da kurfi, ka ƙarasa da ƙaramin faifai.

Akwai masu riƙewa da zuƙar iska, inda famfo ke janye iskar da ke tsakanin akushi da wani kofi mai bakin roba. Ƙarfinsa na da ban mamaki: iskar duniya na danna kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, don haka kofi mai faɗin santimita 10, ko kashi biyu cikin uku na iskar aka janye, zai riƙe da nauyin da ya haura kilo 50. Wasu ma da kwamfuresar tsohon firiji suke haɗawa. Ni dai ban ba da shawararsa a kan inji mai juyawa ba a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, domin famfo na tsayawa riƙo ya saki alhali akushi bai daina juyawa ba. A kan benci, akushi a kwance, babu laifi. Ka sani kuma yana iya fasa akushi mai siririn bango, katako mai manyan ƙofofin jijiya kuma iska na bi ta cikinsa.

Dogayen kaya

Ƙafar tebur, ƙafar gado, sandunan matakala da taɓarya ba su cika son faifai ba, domin yana cinye kaifin ado ya mayar da komai dulu-dulu. A kan inji da samfefar hannu ake yi musu, a riƙe ta ta ƙasa, sannan a kashe inji a bi tsawon jijiya don share zoben da juyi ya bari. Diril sai a wuraren da suka miƙe. Don wannan, haɗa ɗan gado: falanki a ƙasa, katako biyu a tsaye a ƙarshensa, ɗaya kafaffe ɗaya mai matsawa, kowanne da kusa mai tsini da ta leƙo ta shiga ramin tsakiyar da inji ya bari. Aikin zai rataya yana juyawa da yatsa. Idan kana so ya tsaya, soka 'yar tsinken katako mai roba a ƙarƙashinsa.

Ƙananan kaya

Marfi, maɓallin durowa, kan sanda, ƙaramin kofi. A nan sai a juya lamarin, diril ya tsaya, aiki ya motsa. Kwantar da diril a cikin gurbin katako da aka fafe daidai jikinsa, ka ɗaure shi da ɗamarar ƙarfe irin ta tiyo, ba tare da ka toshe ramukan shan iskarsa ba. Kar ka matse jikinsa kai tsaye a bayis, wato matsin ƙarfe na benci, robar za ta fashe. Kulle makunninsa a ƙaramin gudu, ka riƙe aikin da hannu biyu, wuyan hannu a jingine da benci.

Abin da ya yi ƙanƙanta da yatsa, yi masa mariƙi. Ɗiga gam ɗin kyandir mai zafi a kan guntun sanda ka manna, bayan ka gama ɗigon sifirit zai sake shi. Maɓallin durowa kuwa yana da ramin kusa tun asali, murɗa shi a kan sandar da kusa ta leƙo daga kanta. Abu mai baki kamar kofi ko tulun ado, fiƙe sanda ta yi tsini a hankali, naɗa mata roba, ka soka.

Diril, samfefa da ƙura

Faifai mai faɗin santimita 5 ya fi shiga lungu, mai santimita 7.5 ya fi sauri a fili. Nemi mai soso a baya da fuskar nan mai kamawa kamar ƙarangiya, wadda ake manna samfefa a ɓare. Ba banza ta yi kama da ƙarangiya ba: wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, daga irin wannan ƙaya da ta maƙale a jikin karensa ya samo dabarar a 1941. Zafi ne ke kashe ta, ƙananan ƙugiyoyin su narke, samfefa ta riƙa tashi sama. Idan faifai ya yi zafin da ba za ka iya ɗora shi a kumatu ba, ka yi sauri ko ka danna da yawa. Injin gurinda na masu walda kuwa kar ka kawo shi nan, juyinsa ya haura 10,000 a minti, ƙona katako zai yi.

Riƙe diril hannu ɗaya a mariƙi, ɗayan a wuyansa kusa da faifai. Karkatar da shi kaɗan yadda kashi ɗaya cikin uku na faifan ne ke taɓawa. Idan duka fuskar ta kwanta sai ya riƙa tsalle. Rataya wayar daga sama da igiya don kar nauyinta ya riƙa jan hannunka. Idan yatsu suka fara yi maka kamar tafiyar kiyashi, ajiye, girgiza ce ta yi yawa, ka huta minti biyar kana buɗe hannu kana rufewa.

Fara da lambar samfefar da za ta fitar da aibin da ke wurin, yawanci 80 ko 120 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), ka daɗe a kanta har ya fita duka, sauran lambobin aikinsu share sawun ta baya ne kawai. Daga nan 120 idan da 80 ka fara, sai 180, 240, 320, ba tsallake. Kafin kowace lamba share ƙura da burushi, ka zana layukan fensir a ko'ina. Idan sun ɓace ka san ka taɓa kowane wuri. Ajiye tocila a gefe haskenta na kwance a kan katakon, ita ke tona asirin karce.

Ƙurar katako ba abin wasa ba ce. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko na tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta mansoniya kuwa kafintoci sun san yadda take sa atishawa da haɓo. Hankici a hanci ba ya tare mai laushin, nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 wanda ya zauna a fuska, da tabarau. Kafa sandar riƙonka kusa da ƙofa, fanka a bayanka ta gefe tana kora ƙura waje. Idan an tashi aiki a hure ramukan diril, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a yi shara.